Kurakuran masu sharhin fim ɗin da aka ciro daga littafin yara

Duk sanda sabon marubuci ya ɗauko fim ɗin da aka gina kan littafin yara mai zane zai yi masa sharhi, kafin in kai sakin layi na biyu na riga na san inda zai yi tuntuɓe. Abin ya ishe ni. Zan yi misali da fim guda, Where the Wild Things Are na Spike Jonze, wanda kamfanin Warner Bros ya saki a Amurka ranar 16 ga Oktoba 2009, domin da wuya ka samu kuskuren da ba a tafka a kansa ba.

Maurice Sendak ne ya rubuta littafin ya kuma zana shi, ya fito a 1963, ya ci lambar Caldecott, wadda ake ba littattafan yara masu zane a Amurka, a 1964. Gaba ɗayansa kalmomi 338 ne. Yaro Max ya sa rigar kyarkeci ya yi ta ɓarna, uwarsa ta kora shi ɗaki ba abincin dare, ɗakin ya rikiɗe ya zama daji, ya hau kwale-kwale ya je ƙasar dodanni, suka naɗa shi sarki, kewar gida ta kama shi, ya dawo ya tarar da abincinsa a ajiye da zafinsa. Ƙarshen labari ke nan. Fim ɗin kuwa minti 101 ne.

To a nan kuskure na farko yake. Mutum ya rubuta shafi guda yana kukan cewa an ƙara abin da babu a littafi. Malam, da me kake so a cika minti 101? Littafin da za ka karanta wa yaro kafin shayinka ya huce, dole a yi masa ƙari, ko Jonze ne ko waninsa. Tambayar da ta dace ita ce daga ina ƙarin ya tsiro. Jonze da Dave Eggers, wanda suka rubuta labarin fim ɗin tare, sun ba dodannin sunaye da halaye. Carol mai zuciya ne, idan ransa ya ɓaci sai ya rushe abin da ya gina da hannunsa, kuma tun farkon fim mun ga Max ya yi haka a ɗakin yayarsa Claire bayan abokanta sun rusa masa ɗan ɗakin da ya gina da ƙanƙara. KW kullum tana barin 'yan uwanta ta tafi wajen sababbin abokai, kamar yadda Claire ta bar ƙanenta. Alexander, ɗan akuyan nan, yana magana ba mai saurarensa. Duk wanda ya zauna da yaro ɗan shekara tara ya san waɗannan halaye a jiki guda suke zaune. Kana da damar cewa dabarar ta yi nauyi, ko dodannin sun cika ƙorafi har sun gundure ka. Masu sharhi da dama sun faɗi haka, kuma ba su yi ƙarya ba. Amma ka faɗe shi bayan ka gane abin da ake ƙoƙarin yi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yawancin masu wannan kuka ba su taɓa buɗe littafin ba. Taƙaitaccen labarinsa suka gani a intanet. Littafin zane kuwa rabin maganarsa a zanen take. A shafukan farko hoton ƙarami ne, fari ya kewaye shi. Duk yadda Max ya ƙara nutsewa cikin tunaninsa hoton yana ƙara faɗi, har ya cinye shafi, har a tsakiya a samu buɗi uku a jere na rawar dodanni babu ko kalma ɗaya. Daga nan hoton ya soma raguwa, shafin ƙarshe kuma babu zane sam. Wanda bai ga wannan ba, da me zai auna fim ɗin? Ni abin da nake yi, ina karanta littafin da ƙarfi, sannan in rufe rubutun da tafin hannu in bi hotunan kaɗai. Bayan na kalli fim sai in rubuta canje-canjen a takarda, kowanne in tambayi kaina me aka samu da shi, me aka rasa. Ta haka na gano ƙorafin da nake ganin yana da tushe: a fim ɗakin bai zama daji ba. Max ya ciji uwarsa ya ruga waje cikin dare, can ya samu kwale-kwalen. An samu tashin hankali na gaske, amma an yar da shafin da ya fi kowanne kyau, inda bishiyoyi ke tsirowa daga ƙafafun gado. Har yau ina ganin asara ce.

Kuma ku daina yi wa marubuci kukan da bai sa ku ba. Sendak yana raye lokacin, sai 2012 ya rasu, yana cikin furodusoshin fim ɗin, ya kuma tsaya wa Jonze a bainar jama'a. Wannan bai mai da fim ɗin mai kyau ba, amma ya hana ka rubuta cewa an ci amanar mai littafi. Idan cin amana kake nema, je ka duba The Cat in the Hat na 2003, wanda masu sharhi suka yi wa ca, matar marigayi Dr. Seuss, marubucin littafin, kuma ta hana a sake yin fim da mutane na zahiri daga littattafan mijinta.

Kuskure na biyu shi ne ya taɓa ni a jiki. Mai sharhi ya ga littafin yara, ya ga alamar PG, wato yara na iya kallo bisa kulawar iyaye, sai ya rubuta "fim ne na yara, ku kalla da iyali" ya wuce. Irin wannan layi na karanta, na kunna fim ɗin wa 'ya'yan yayata ranar da aka bar mini su. Babban ya yi ta hamma yana tambayar yaushe za a fara faɗa. Ƙaramin ya yi tsit tun wurin da aka zaro wa Max kambun sarauta daga cikin tarin ƙasusuwa, wato ragowar sarakunan da suka gabace shi. Da aka zo inda Carol ya fizge hannun Douglas, ɗaya daga cikin dodannin, ya cire shi ɗungurungum, sai ya riƙe mini riga ya ce, "Kawu, zai cinye shi ne?" Na ce a'a, ban ma tabbata ba. Amma ba dodon ne ya hana shi barci ba. Malamin nan ne na farkon fim da ya gaya wa ɗalibai cewa wata rana rana za ta mutu. Washegari yayata ta kira ni: "Kai wane irin abu ka nuna wa yaron nan? Tun asuba yake leƙa waje." Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri." An daɗe kafin a sake bar mini su da rimot a hannu.

Wanda ya rubuta layin nan ko dai bai kalli fim ɗin ba, ko ya kalla yana danna waya. Jonze da bakinsa ya ce abin da ya nufa shi ne fim a kan yarinta, ba fim don yara ba. Rabuwar kan da aka samu a 2009 daga nan ta taso. Masu sharhi da yawa, manya da suka tashi da littafin, sun ga kaɗaicin yarintarsu a fuskar Max Records, yaron da ya fito a matsayin Max, suka yaba. Iyaye da suka biya kuɗin tikiti da ɗan shekara biyar a hannu suka fito da fushi. Tambaya biyu ce daban, fim ɗin ya yi kyau, da kuma wa ya dace ya kalla, kuma aikinka ne ka amsa kowacce ita kaɗai. Ni sakin layi daban nake ware wa ta biyu, kuma ba na cewa "akwai ban tsoro" in yi shiru. Ina ambaton wurin: cizon uwa, ƙasusuwa, hannun Douglas, Max a ɓoye cikin cikin KW. Uwa ta fi ka sanin ɗanta, ka ba ta abin da za ta yanke hukunci da shi.

Kada kuma ku tsallaka ɗaya gefen, ku riƙa yanke wa yara hukunci cewa ba za su iya ba. Wannan tsohon ciwo ne. Littafin kansa an yi masa haka, har masanin halayyar yara Bruno Bettelheim ya soke shi a wata mujallar mata a 1969, alhali bai karanta shi ba. Yaran kuwa suka yi ta ɗaukarsa daga kanta. Da mujallar Newsweek ta tambayi Sendak me zai ce wa iyayen da ke ganin fim ɗin ya yi tsoro da yawa, amsarsa ba ta da ladabi ko kaɗan, kusan cewa ya yi su je can su ƙarata. Mu da aka raina da tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutane bai kamata mu yi saurin firgita a madadin yara ba. Daga abin da na gani, abin da ke kayar da fim ɗin a wurin ƙananan yara ya fi karkata ga jan jiki da yawan baƙin ciki, ba tsoro ba.

Sai maganar lambobi. A Rotten Tomatoes, shafin intanet da ke tattara sharhin fina-finai, fim ɗin yana da wajen kashi 73 cikin 100, sai mutum ya rubuta cewa an ba shi maki 73. Ba haka ba ne. Ma'anarsa kusan uku cikin kowane masu sharhi huɗu sun karkata ga yabo, ko yabon mai zafi ne ko na a wuce wurin. Je ka karanta sharhi biyu na masu yabo da biyu na masu suka, ka gaya mana a kan me suka saɓa. Haka kuɗi. A ƙarshen makon farko ya tara sama da dala miliyan 32 ya zo na ɗaya a Amurka, mako na biyu ya faɗi da fiye da rabi. A ƙarshe ya tara kusan dala miliyan 100 a duniya, kuma kusan abin da aka kashe wajen yin sa ke nan. Kada ka ce ya mai da uwar kuɗi, domin gidajen sinima na riƙe kasonsu, ga kuɗin talla. Kada kuma ka kawo wannan a matsayin hujjar cewa fim ɗin bai yi kyau ba.

Ragowar ƙanana ne, amma suna zubar da mutunci. Ba katun ba ne: mutane ne cikin manyan riguna da kamfanin Jim Henson ya ƙera, aka ɗauka a daji da bakin teku a Ostireliya, fuskokin kawai aka motsa da kwamfuta. Ba na Disney ba ne. Kada ka kwashe labarin daga farko har ƙarshe ka kira shi sharhi. Kada ka manta da kiɗan Karen O da Carter Burwell, domin shi ke ɗauke da wuraren da ba magana. An ɗauki fim ɗin a 2006 bai fito ba sai 2009, kuma an yi ta raɗe-raɗin saɓani da kamfani. Layi ɗaya ya ishe shi, ba shi aka haska a allo ba. Kada ka ɗauki hukuncin makon farko a matsayin na har abada, ga The Polar Express na 2004 da aka yi ta suka saboda idanun mutanen cikinsa ba su da rai, amma har yanzu ana kunna shi duk lokacin Kirsimeti.

Idan kuma kwafin da aka ɗora wa wata murya ka kalla, ko a waya cikin hayaniyar majalisa, ka faɗa tun a layin farko. James Gandolfini ne muryar Carol, mutumin da masu kallo suka sani da fitowa a shugaban 'yan daba a The Sopranos, kuma rabin tsoron da rabin tausayin duk a numfashinsa suke. Wanda bai ji wannan murya ba, kada ya zo ya ce mana Carol bai taɓa masa zuciya ba. Ya nemo na asali, ya sa abin kunne, sannan mu yi magana.