Kana kiran karenka yana yin kunnen uwar shegu? Ga inda ake kuskure

Karen da ke sheƙowa da gudu in ka kira shi a tsakar gida, shi ne kuma zai manta da kai ranar da ka kwance masa igiya a gona ya hango zomo ko kazar maƙwabci. Mai kare sai ya ce taurin kai ne. Yawanci ba shi ba ne. Lissafi ɗaya kare yake yi: ina ya fi riba, wurin ubangidana ko wurin abin da nake bi?

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna shi ne ka kira shi don ka dake shi. Ya kashe ɗan tsako, ka ƙwala masa kira, ya zo yana kaɗa wutsiya, ka tsula masa bulala. Kai a ganinka hukuncin ɗan tsako ka yi. Shi kuwa abin da ya gane shi ne an dake shi saboda ya zo, domin kare yana haɗa sakamako da abin da ya yi na ƙarshe, cikin daƙiƙa 1 ko 2. Gobe in ka kira, zai tsaya daga nesa yana kallonka. Don haka ko ya shanya ka minti 20 kafin ya iso, haɗiye fushinka ka yaba masa. Na san da wuya. In kuma wanka za ka yi masa, ko cire kaska, ko wani abin da ba ya so, kada ka kira shi, taka da ƙafarka ka kamo shi.

Akwai kuma masu kiran kare sau ɗaya tak, lokacin da za su ɗaure shi a koma gida. Cikin 'yan kwanaki ya gane cewa kira na nufin wasa ya ƙare. Maganinsa da sauƙi: in kun fita, kira shi sau 5 ko 6, ka riƙe abin wuyansa, ka ba shi ɗan nama, ka sake shi ya ci gaba da harkarsa.

Sai nanata kira. "Zaki! Zaki! Zo nan! Kai Zaki!" har muryarka ta dushe. Kalmar da aka faɗa sau goma ba a amsa ba ta zama hayaniya kawai. Zaɓi kalma ɗaya, ko fito, ko usur, kuma kowa a gidan ya yi amfani da ita, har yara. Ni na fi son usur, don yana kai wa nesa kuma ba a jin fushi a cikinsa. In tsohuwar kalmar ta riga ta lalace, watsar da ita ka ɗauki sabuwa.

Inda aka fi yin gaggawa shi ne sakin igiya. Kare ya amsa kira kwana uku a zaure, sai a ɗauka ya gama koyo. Alhali abin da ya koya a zaure ba ya bin sa kai tsaye zuwa fili, kusan kowane sabon wuri sai an sake koya masa. Fara a ɗaki, ka koma tsakar gida, sannan ƙofar gida da sassafe kafin mutane su fito. In za ka shiga fili, samo doguwar igiya mai kamar mita 10, ka ɗaura ta a ɗamarar ƙirji, ba a wuya ba, don kada ya fizga da gudu ya ji ciwo. Ka tsaya nesa da awaki, inda yana ganinsu amma hankalinsa bai tashi ba. Kira sau ɗaya. Ya zo, ka ba shi lada. Bai zo ba, kada ka sake kira, kada kuma ka ja shi kamar buhu. Bi igiyar ka isa wurinsa, ku ƙara nisa da awakin, ku sake gwadawa. Da kaɗan-kaɗan ake matsawa kusa, kuma aikin makonni ne, wani lokaci watanni. Kada ka yi mamaki in ɗan kwikwiyon da ke manne da ƙafarka ya fara bijirewa tsakanin wata 6 zuwa 18. Balaga ce. Mayar da shi kan doguwar igiya har ta wuce.

Rowa ma kuskure ce. Ba za ka yi gasa da zomo da ragowar tuwo ba. Dafa hanta ko nama babu yaji, ka yayyanka kamar ƙwayar wake, ka yi horon kafin ya ci abinci. Ban da tsire da kilishi, saboda albasa da tafarnuwa suna cutar da kare. Wanda ba ya son kare ya lashi hannunsa, ya jefa naman ƙasa daf da ƙafarsa, duk ɗaya ne.

Ranar da ya kuɓuce kuwa, kada ka bi shi a guje. Ba za ka kamo shi ba, shi kuma ya sami abokin tsere. Juya ka gudu ta wani ɓangaren kana tafa hannu, ko ka durƙusa. Sau da yawa shi zai biyo ka.

Wasu karnukan kuma, komai horonsu, akwai wuraren da ba a sakinsu. Dogayen karnukan Buzaye na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, da ido suke farauta, in abu ya gifta a guje sun tafi kafin ka buɗe baki. Haka namijin da ya jiyo ƙanshin karya mai neman barbara. Bakin titi ma igiya ce dole. Wanda kuma ba a yi wa allurar rigakafin haukan kare ba, wadda likitocin dabbobi ke farawa tun yana wata 3, kada ya fita ko'ina babu igiya sai an yi masa.