Ba kowace ƙaguwa ce africanus ba: kurakuran masu tantance ƙaguwar ruwan Kebbi

Duk shekara, da zarar ruwa ya fara janyewa daga fadamun Argungu da Yauri, sai ɗaliban nazarin dabbobi da na kiwon kifi su cika bokitai da ƙaguwa don aikin kammala karatu. Kafin a wanke mata laka ma an riga an raɗa mata suna: Sudanonautes africanus. In ka tambayi yaro ta ina ya gane, sai ya ce haka ya gani a aikin wanda ya gabace shi. Shi ma wancan daga wani ya kwafa.

Africanus ƙaguwar kurmi ce. A shekarar 1869 aka fara bayyana ta daga ƙasar Gabon, kuma mazauninta dazuzzuka masu ruwan sama da yawa, irin na kudancin Najeriya da Kamaru har zuwa Kwango. Bayanta shimfiɗaɗɗe ne, da ɗan kaushi kamar kuraje ta wajen ƙarshensa. Mu kuwa ƙasar fako da fadama muke. Wanda ya kamo ƙaguwa a nan, waɗanda ya kamata ya fara kawowa a ransa su ne monodi, mai tudun baya wadda aka sani da zaman arewacin Najeriya, da floweri, da aubryi, dukkansu 'yan gidan Sudanonautes, sai kuma Potamonautes ecorssei ta kogin Kwara, wadda aka fara bayyanawa daga yankin Tambutu. Wannan ba gardamar malamai ba ce kawai. Wasu daga cikin ƙaguwoyin Sudanonautes suna ɗauke da tsutsar huhu, Paragonimus, wadda ta addabi gabashin ƙasar nan bayan yaƙin basasa, lokacin da yunwa ta sa mutane cin ƙaguwa ba ta dahu ba, kuma tarin da take sawa yakan yi kama da tarin fuka. Idan suna ya karkace a takarda, duk bayanin da aka jingina masa ya bi ruwa.

Gyaran yana farawa ne daga gefen ƙoƙon baya. Ka wanke shi da tsohon buroshin haƙori, ka tsane ruwan, domin jiƙaƙƙen ƙoƙo yana ƙyalli ya ɓoye komai. Sa'an nan ka bi gefen daga kusurwar ido ta waje zuwa baya. Akwai haƙori a kusurwar idon, akwai wani can baya kusa da inda kunyar da ta ratsa bayan goshi take ƙarewa. Abin nema shi ne na tsakaninsu. In akwai haƙorin tsakiya, kana hannun Sudanonautes. In babu, ka karkata ga Potamonautes. A wasu nau'o'in haƙorin bai fi ƙwayar gero ba, saboda haka ni nakan haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, don inuwa ta fito da shi, in kuma bi wurin da bakin allura in ji ko za ta sarƙe. A duba gefen dama da na hagu duka, don ɗaya yakan goge.

Kuskure na biyu shi ya fi ƙona mini rai, domin na san tsadarsa, ya taɓa cinye mini aikin damina guda: tara manyan mata a bar maza. Ɗalibi yana ganin ƙatuwar mace mai faɗin ciki sai ya ce ya sami samfur. To ka sani, ƙanena, hujjar da ake yanke hukunci da ita a jikin balagaggen namiji take. Ka kifar da shi, ka ɗaga murfin cikin nan siriri mai kama da bante. A ƙarƙashi za ka ga tsinkayen barbara guda huɗu, biyu manya a gaba, biyu sirara a bayansu. Na bayan nan su ke raba gida da gida: a Potamonautes ƙarshensu dogon zare ne, a Sudanonautes kuwa ɗan guntu ne ƙwarai. Na gaban su ke raba 'yan gida ɗaya. A africanus ƙarshen tsinken siriri ne kamar allura. A monodi da floweri yana da faɗi a tsakiya, da leɓe da ya ɗago. Wanda bai ɗaga wannan murfi ba, bai tantance komai ba, zato ya yi. Kuma abin takaici, akan kawo kwalba ashirin, babu namiji balagagge ko ɗaya a ciki, ruwa ya riga ya ƙafe, ƙaguwa ta shige rami, sai wata shekarar.

Ga yadda nake yi, ko da wasu suna da tasu hanyar. Ina cire tsinkayen dama kawai, babba da ƙaraminsa, da siririn hantsaki, daga can tushe, in bar na hagu a jikinsa don mai zuwa daga baya. Ina duba su a nutse cikin sifirit a ƙaramin faranti, ba a bushe ba, domin in sun bushe sukan lanƙwashe su ba da siffar ƙarya. Ina zana su ta fuska biyu, ciki da baya. Daga nan su shiga 'yar ƙaramar kwalba da toshiyar auduga, ita kuma ta koma cikin kwalbar mai su. Tsinken da ya rabu da gangar jikinsa ya zama shara.

Haɗe da wannan akwai rikita budurwar ƙaguwa da namiji. Macen da ba ta balaga ba murfin cikinta bai buɗe ba tukuna, sai a rubuta ta namiji. Ɗaga murfin ka ƙirga: mace tana da ƙafafun riƙon ƙwai guda takwas masu gashi, namiji tsinkaye huɗu. Shi ma ƙaramin namiji tsinkensa bai gama ɗaukar siffa ba, kada a yanke hukunci da shi.

Sai maganar launi, wadda ban san sau nawa zan maimaita ta ba. Wai wannan ja ce, waccan baƙa, saboda haka iri biyu ne. Haba! Ƙaguwar da ta kwana a baƙar lakar fadamar shinkafa da wadda ta fito daga rafi mai duwatsu a ƙasar Zuru, ko uwarsu ɗaya ba za su zo da kala ɗaya ba. Wadda ta yi sabuwar saɓa fatau take, ga laushi. Wadda ta daɗe ba ta saɓa ba ta yi dauɗa da gansakuka. In kuma ta yi wata biyu a sifirit, duk su koma kalar ƙasa. Ka ɗauki hotonta da ranta, da rula a gefe, ka rubuta launin a littafinka, amma kada ka gina suna a kansa.

Haka girman awartaki. Babban namiji yakan yi hannu ɗaya ƙato mai gantsararren yatsa, ɗayan ƙarami. In hannun ya taɓa guntulewa ya sake tsirowa, sai ya fito siriri, haƙoransa ba irin na asali ba. An sha ɗaukar irin wannan a matsayin wani nau'i dabam.

Awo ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Rular makaranta ba ta auna abu mai doro. A nemi ma'aunin ƙarfe mai baki biyu, a ɗauki abu huɗu da milimita: faɗin ƙoƙo a inda ya fi faɗi, tsawonsa ta tsakiya, kaurinsa daga ƙirji zuwa ƙololuwar baya, da faɗin goshi tsakanin idanu. Sa'an nan a raba sauran ukun da faɗin goshin. Wannan rabon shi ke nuna ko bayan shimfiɗaɗɗe ne ko mai tudu, ba tare da girman dabbar ya ruɗe ka ba. Cewa "ta fi waccan girma" ba bayani ba ne, ƙila ta girme ta ne kawai.

Jefa ƙaguwa da ranta cikin sifirit yana sa ta zubar da ƙafafunta da kanta, ka wayi gari da gangar jiki biyar da tulin ƙafafu, ba ka san na wace ba. A sa ta cikin ƙanƙara tukuna har ta daina motsi. Sifirit ɗin ajiya kashi 70 cikin ɗari ake so: in mai kashi 95 ke gare ka, mililita 700 nasa da 250 na ruwa mai tsabta. A canja shi bayan kwana ɗaya ko biyu, don ruwan jikinta yana tsinka shi. Wanda ke da niyyar gwajin ƙwayoyin gado ya cire ƙafa ɗaya ya ajiye a mai kashi 95, kuma ya nisanci fomalin, ruwan maganin adana gawa. Zafin Birnin Kebbi a watan Afrilu yana shanye kwalbar da murfinta bai kama ba, a riƙa leƙawa.

Takardar shaida da fensir ake rubuta ta, a jefa cikin kwalbar. Biro yana narkewa, abin da aka manna a waje yana ɓallewa. Kuma "Kebbi" ba wuri ba ne. A rubuta ƙauyen, da sunan gulbin ko tafkin, da kwanan wata, da ko a rami aka tono ta ko a gurar masunta ta faɗa. Wadda aka saya a kasuwar Yauri a rubuta cewa saye aka yi, a tambayi mai ita inda ya kamo, don kwale-kwale yana zuwa daga nesa.

Masu ɗauko hoto a intanet su liƙa a aikinsu, ku riƙa ƙirga ƙafafu. Ƙaguwar gaske tana da ƙafafun tafiya huɗu a kowane gefe bayan awartaki. In ka ga uku, ga dogayen hannaye, ga wutsiya a naɗe a ƙarƙashi, wannan 'yar teku ce daga dangin Galathea ko Munida, ƙafarta ta ƙarshe ƙarama ce a lanƙwashe. In kuma ƙafar ƙarshe faffaɗa ce kamar filafilin jirgi, ƙaguwar ruwan gishiri ce irin ta Legas. Babu ɗayansu da ke zaune a Gulbin Ka ko gulbin Matan Fada na Argungu.