Atisayen 'yan hokin ƙanƙara a wajen fili: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara, da zarar watan Agusta ya raba, wayata ba ta hutawa. Iyaye ne, galibinsu 'yan uwanmu baƙi a nan Edmonton ta Kanada, kowa da tambaya iri ɗaya: "Malam, saura mako biyu a fara tantance yara a ƙungiya, me yaron nan zai yi ya ƙara ƙarfi?" Amsata ba ta yi musu daɗi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yaro zai nuna a kan ƙanƙara a Satumba, tun a Mayu ake gina shi, a gareji da kan ciyawa da ɗakin ɗaga ƙarfe. Wasu kuma sun fara da wuri, amma aikin da suka yi gara ma a ce sun bar yaron ya huta.

Ni ɗan ƙwallon ƙafa ne a Kaduna kafin in zo Kanada, kuma ban taɓa sa takalmin ƙanƙara ba sai da na haura shekara 30. Babban yarona ne ya ja ni cikin harkar. A jikinsa na yi manyan kurakuraina guda biyu, shi ya sa idan na ga wani uba ya kama hanyar maimaita su ba na iya yin shiru.

Na farko shi ne gudun dogon zango. Mu da muka tashi a ƙwallon ƙafa, abin da muka sani da atisaye shi ne a fito da asuba a yi ta zagaye fili har riga ta jiƙe. Da wannan tunanin na tasa yaro a gaba bazara guda cur, kilomita takwas kowace safiya, kwana biyar a mako. Ya yi biyayya, bai taɓa ƙorafi ba. Da Satumba ta zo ya rame, cinyoyinsa sun zube, kuma a taku ukun farko, inda ake raba gardama a wasan nan, kowa sai ya wuce shi. Aka sauke shi zuwa rukuni na ƙasa da wanda ya buga a bara. A mota muna komawa gida bai ce uffan ba, kuma har yau ina jin nauyin shirun nan.

Da na tsaya na kalli wasan da agogo a hannu, da ban yi haka ba. Zango uku ake yi, kowanne minti 20, amma ɗan wasa ba ya daɗewa a ciki. A gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, yana shiga ne ya yi kamar daƙiƙa 45 da iyakar ƙarfinsa, ya fito ya zauna a benci minti biyu ko uku, ya sake komawa, haka sau ashirin ko fiye a wasa ɗaya. Jiki kuwa abin da ka saba masa shi yake ba ka. Ka saba masa sassarfa ta minti 40, sassarfa zai ba ka ranar da kake neman zabura. Ga shi kuma mai gudu a tsaye yake, yana jefa ƙafa gaba, alhali mai sulɓi a kan ƙanƙara a tsugune yake, gwiwa a lanƙwashe, yana tura ƙafa gefe da baya.

Yanzu ga yadda nake yi. A Mayu da Yuni ina kai su gangaren kwarin kogin North Saskatchewan, su hau tudu da gudu na daƙiƙa takwas zuwa goma, su sauko a hankali, su huta minti biyu cikakku, sau shida zuwa takwas. Iyaye kan ga hutun nan kamar lalaci. Idan ka rage shi, gudun na biyar ba zai kai na farko sauri ba, ka koma koya wa yaro nawa ke nan. Sai tsakiyar Yuli nake shigo da abin da ya yi kama da wasan kansa: daƙiƙa 30 zuwa 45 a kan keken motsa jiki da dukkan ƙarfi, hutun minti biyu da rabi, a maimaita. Ko a gwajin da NHL ke yi wa matasa a Buffalo kafin a zaɓe su, akwai na daƙiƙa 30 a kan keke wanda ke sa ƙarti amai. Akwai masu horarwa da suka fi ni ilimi waɗanda ke son a yi doguwar tafiya a keke sau uku a mako don zuciya ta iya farfaɗowa tsakanin shiga da fita. Ban ce ƙarya suke ba. Ni dai sau ɗaya ko biyu nake bari, minti 30, ko kuma in ce yaro ya je ya buga tamaula da abokansa, ta wadatar.

Mutanen Kanada ma sai da suka sha kashi kafin su ɗauki horon wajen fili da muhimmanci. A ranar 2 ga Satumba 1972, a Montreal, ƙwararrunsu suka fito daga hutun bazara suna ganin Tarayyar Sobiyet ba za ta kai labari ba. Suka fara jefa biyu, sannan numfashi ya ƙare, aka tashi 7 da 3. 'Yan Sobiyet sun taso ne a tsarin da koci Anatoli Tarasov ya assasa, na yin horo a ƙasa kusan duk shekara, da tsalle-tsalle da ɗaukar juna a kafaɗa da alkafura. Da aka kammala jerin wasannin takwas Kanada ce ta yi rinjaye da ƙyar, amma darasin ya zauna.

Kuskurena na biyu ya fi na farko ciwo, kuma a kansa ne nake ɗaga murya. Matsematsi. Tsokar da ke cikin cinya, wadda ke jawo ƙafa ta dawo tsakiya. Duk turawar da mai sulɓi ya yi, ƙafarsa na buɗewa gefe da ƙarfi, kuma wannan tsokar ce ke taka mata birki ta maido da ita, sau ɗaruruwa a wasa guda. Amma shiga kowane ɗakin motsa jiki ka ga abin da samarinmu ke yi: ƙirji da dantse, gaban madubi, waya a jingine tana ɗauka. Ba wanda ke kula da tsokar da ba a iya nuna wa mutane.

Shekarar da yarona ya cika 15 ya fara jin ciwo a wurin tun Oktoba. Mako uku yana ɓoyewa. Kun san tarbiyyarmu, ɗa ba ya iya duban mahaifinsa ya ce masa nan ne ke yi masa ciwo, kunya ba za ta bar shi ba. Da na ga yana ɗingishi bayan wasa na tambaye shi, ya ce, "Baba, ba komai, cinya ce." Na ce masa namiji ne shi, ya daure, ya riƙa miƙe ta kafin ya kwanta. Wannan shawara tawa ita ta ƙarasa shi. Tsokar da ta fara yagewa, idan ka yi ta ja da sunan miƙewa, ƙara buɗe yagar kake yi. A Nuwamba ta tsinke masa yana tsakiyar juyawa, ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Mako tara yana zaune. Da ya ji sauƙi muka yi gaggawar maido shi saboda wasannin ƙarshen kaka sun matso, ko wasa biyu bai kammala ba ta sake tashi. Kakar ta tafi gaba ɗaya.

Likitar fisiyo da ta duba shi ce ta fara gaya mini wani bincike da aka buga a Amurka a 2001 kan 'yan wasan NHL. An auna ƙarfin tsokar cikin cinya da ta wajen ƙugu kafin a fara kaka. Waɗanda ta cikinsu ba ta kai kashi 80 cikin ɗari na ta wajen ba, haɗarin yagewarta a wurinsu ya ninka sau 17. Abin da za a iya aunawa a minti biyar, a gyara a mako shida zuwa takwas, shi ya cinye wa yarona shekara.

Don haka duk yaron da ya zo hannuna, ko ya so ko ya ƙi, zai yi atisayen da ake kira na Kopenhagen. Ka kwanta ta gefe, gwiwar hannu a ƙasa, ƙafar sama a kan benci, ka ɗaga ƙugu har jiki ya miƙe sambal, sannan ka ɗago ƙafar ƙasa ta taɓo bencin, ka sauke a hankali. Sabon shiga gwiwarsa zai ɗora a bencin, sai bayan mako biyu ko uku ya koma idon sawu. Guda biyar kowane gefe ake farawa, sau biyu ko uku a mako, kada a yi zari, domin tsamin jikin da yake sawa ba na wasa ba ne. An gwada shi a kan 'yan ƙwallon ƙafa a Norway, matsalar matsematsi ta ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ina kuma da gwajin da nake yi musu kowace Litinin: yaro ya kwanta rigingine, ya sa ƙwallo tsakanin gwiwoyinsa, ya matse da ƙarfi daƙiƙa biyar. Idan ya yamutsa fuska, ranar ba zai hau ƙanƙara ba, kuma ba na jiran ya faɗa da bakinsa. Iyaye maza, idan kun san ɗanku ba zai iya gaya muku ba, ku haɗa shi da wanda zai iya gaya wa, kawu ne ko koci ko likita.

Kuma ku ji tsoron Allah ku bar yaran nan su sauka daga ƙanƙara! An gama kaka a Maris, a Afrilu kun biya kuɗin gasar bazara, a Yuli sansanin horo, a Agusta wani sansanin. Yaro ɗan shekara 12 yana wata goma sha ɗaya a tsugune cikin takalmi mai tauri, ƙugunsa ya ƙage, ƙasan gwiwarsa ya kumbura da ciwon nan na masu girma da likitoci ke kira Osgood-Schlatter, ku kuna cewa ɗan maƙwabci zai wuce shi. Wayne Gretzky, wanda ba a yi kamarsa ba a wasan nan, idan bazara ta zo ajiye takalmin yake yi ya koma besbol da lakros. A hannuna mako shida ne ba ƙanƙara bayan an rufe kaka, babu ciniki. Uban da bai yarda ba, na sha ce masa ya nemi wani mai horarwa.

Maganar ƙirji da dantse kuwa, a 2014 Sam Bennett ya kasa jan jikinsa sama a kan ƙarfe ko sau ɗaya a gwajin NHL, aka yi ta yi masa dariya, ƙungiyar Calgary ta ɗauke shi na huɗu a zaɓen matasan shekarar, a 2025 kuma shi aka ba kyautar gwarzon wasannin cin kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, tare da ƙungiyar Florida. Ban ce a bar horon hannu ba, amma abincin ɗan hoki a ƙafarsa yake, kuma ƙafa ɗaya-ɗaya, tunda haka yake turawa a fili. Tsuguno da ƙafa ɗaya a gaba, ɗayar a kan benci a baya, shi ne ginshiƙin abin da nake ba su.

Tsallen gefe daga ƙafa zuwa ƙafa, wanda ake kira da sunan Eric Heiden, ɗan tseren sulɓi a kan ƙanƙara mai zinare biyar a gasar Olympics ta Lake Placid a 1980, yana da kyau, amma a fara koyon dira: ka sauka shiru, gwiwa ba ta faɗa ciki ba, ka tsaya daƙiƙa biyu. Wanda dirarsa ke ƙara kamar an yar da buhu bai isa ƙara nisa ba. Tsayuwa a kan ƙwallon roba ana juya sanda don a ɗora a Instagram, ɓata lokaci ne. Mai harbin faifai, wato ƙwallon hoki, a gareji da takalmin gida ya nemi sanda gajera kaɗan, don takalmin ƙanƙara na ƙara tsawo, in ba haka ba hannu zai saba da abin da ba shi zai tarar a fili ba. Faifan gram 170 ne. Mai nauyin da ake sayarwa kada ya wuce 'yan harbi kaɗan. Waɗanda za su shiga rukunin 'yan ƙasa da 15, inda dokar Kanada ta yarda a fara bangaza, su ƙarfafa wuya da tawul ko tafin hannu. Kuma kada a ajiye ƙarfe don an fara kaka. Minti 30 sau biyu a mako na riƙe abin da aka tara. Wanda ya bari, zuwa Janairu ya koma yadda yake a Mayu.

Saura barci da azumi. Matashi na buƙatar awa takwas zuwa goma, kuma wanda ya kwana a kan waya ba na ɗora masa nauyi washegari, komai roƙonsa. Lemon gwangwani mai sa kuzari ba ya shiga garejina. Azumi kuwa, a shekarun da ya faɗo a Yuni muna kai sama da awa 18 a nan, na ga iyayen da ke tura yaro hawan tudu da azahar bakinsa a bushe. A Ramadan ina rage yawan aiki da kusan rabi, in bar nauyin yadda yake, in mayar da lokacin ko dai minti 40 kafin a sha ruwa idan aikin mai sauƙi ne, ko bayan an sha ruwa da awa ɗaya da rabi idan akwai gudu. Yanzu da azumin ya dawo Fabrairu da Maris, rana ta gajarta amma ya haɗu da wasannin ƙarshen kaka, sai na koma sa ido a kan sahur: ƙwai, madara ko yogot, hatsin oat ko kunun gyaɗa mai kauri, da ruwan da aka riƙa kurɓa tun daga magariba, ba kofi huɗu a tashi ɗaya ana jiran kiran assalatu ba.