Daga magirbi zuwa rumbu: yadda muke shigar da gero gida

A ƙauyenmu da ke ƙasar Daura, haƙori ne ke faɗa maka gero ya isa girbi. Ka shiga gona da hantsi, ka murje zangarniya a tafin hannu, ka ciji ƙwaya ɗaya. In ta fashe ƙas, ya nuna. In ta lotse da ɗan ruwa-ruwa, wannan na tumu ne. Gasa wa yara zangarniya biyu ko uku, ka ba geron mako guda.

Ranar sa magirbi, a sari karan daga gindi, a kwantar layi-layi, kawunan duk suna kallon waje ɗaya. Shi ne sankace. Sai dai gero yakan nuna tun ruwa bai ɗauke ba, don haka kada ka sare fiye da abin da za ku iya yankewa cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba gara ta riga ka.

Yankan zangarniya ba aikin mutum ɗaya ba ne. Ka kira gayya, ka sanar tun da kwana biyu, a dama fura mai kauri, a tuƙa tuwo. Wanda ya zo taka kuwa, bashi ne, ranar tasa ka tafi da sassafe.

Kafin a fara ɗauri, zaɓi zangarniyoyi masu tsawo da cikar ido ka ware na iri. Mahaifiyata a saman murhu take rataye su, hayaƙi ya hana ƙwari.

Wajen ɗaurin nan ne na taɓa ƙonewa. Shekarar da gandu ya dawo hannuna, gaggawa ta sa na ɗaure dami da raɓa a jikinsa, na jibge a rumbu. Da aka buɗe da bazara, na ƙasan duk ya yi fumfuna, har awaki suka ƙi shi. Kawuna ya shinshina ya ce, "Yaro, ruwa ka adana." Tun daga nan ba na ɗauri sai rana ta take, zangarniya tana ƙaras-ƙaras a hannu.

Ka ƙirga damin a gona, ka fitar da zakka tun can. Noman ruwan sama ɗaya cikin goma ne, muddin amfanin ya kai sa'i 300. Tsofaffi sun ce a da sai mai dami dubu ake kira sarkin noma; ni dai ban taɓa kusantar ɗari ba.

Rumbun ma a shirya shi tun kafin jakuna su iso. A share tsohon hatsi tas, a duba duwatsun da ke ɗauke da shi, a toshe ramin ɓera, a shimfiɗa toka da ganyen darbejiya, a gyara jinka in tana yoyo. Ragowar na bara a ajiye shi a sama, shi za a fara sussukawa.

Abin da ya zube a gona kuma ka bar wa masu kala. In dawa ta shigo, samari za su fara zancen kalankuwa, 'yan dambe su biyo ƙauyuka da makaɗansu, kowa ya zo kallo da ƙaiƙayi a wuyan riga.