Karafan na ja, hayis mai gado ko babbar motar kwana: wanne zai kai ka Abha lafiya?

Da zafin Makka da Jidda ya haura digiri 40, iyalai kan fara haramar Ɗa'if, Baha ko Abha, garuruwan kan duwatsu masu sanyi a Saudiyya. Wasu sun gaji da biyan kuɗin ɗaki kowane dare, sai hankalinsu ya koma kan motar kwana. Larabawa duk "karafan" suke ce musu, amma iri uku ne, kuma abin da zai raba maka gardama shi ne nauyi da irin hanyar da za ka bi.

Hayis da aka mayar ɗaki ta fi sauƙin sha'ani. Tsawonta mita 5 zuwa 6, tana shiga ko'ina, kana iya zuwa aiki da ita. Sai dai mutum biyu ko uku take ɗauka, kuma kullum sai an naɗe gado kafin a samu wurin zama. Mai 'ya'ya biyar ya haƙura da ita.

Babbar motar kwana, mai banɗaki da kicin a jikinta, ita ce mai daɗi, ita ce kuma mai cin kuɗi. Lasisin tuƙi na ƙananan motoci a Saudiyya iyakarsa tan 3.5, yawancin manyan nan na Amurka kuwa sun zarce haka, don haka ka duba nauyin da ke rubuce a istimara (takardar rajistar mota) kafin a yi ciniki. Ga wata matsala: in kun kafa zango kuka tuna babu burodi, sai an tattara gidan gaba ɗaya a tafi kanti da shi. Kuma motar da ke yin wata goma a ajiye cikin rana, batir da tayoyi da robobin rufinta ne ke fara mutuwa.

Ga mai Land Cruiser ko Patrol a ƙofar gida, na ja ya fi dacewa. Ka kwance shi a zango, ka yi yawonka da motar. Amma a nan aka fi yin ganganci.

Ka buɗe littafin motarka ka ga nauyin da aka yarda ta ja. Manyan jif da yawa kilo 3,500 ne, in tirelar tana da birkinta. Lissafin kuwa da kaya a ciki ake yinsa. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, tankin lita 200 kaɗai ya kai nauyin buhun shinkafa huɗu masu kilo 50, ban da tukunyar gas, janareta da darduma. Ga sabon hannu, kada karafan da kayansa ya wuce kashi 85 cikin ɗari na nauyin motar. Kaya masu nauyi a ƙasa, bisa gatarin tayoyi ko gabansa kaɗan. In ka jibge su a baya, tirela za ta fara rawa da zarar babbar mota ta wuce ka ko iska ta buge ta daga gefe. In ta fara, kada ka danna birki da ƙarfi: ɗaga ƙafa daga totur, ka riƙe sitiyari a miƙe har ta natsu.

Dubi ƙwallon da ake sarƙafa tirelar. Na Turai milimita 50 ne, na Amurka inci 2 ne ko 2 da 5/16. Na milimita 50 da na inci 2 a ido kamar ɗaya suke, amma ba a haɗa su. Haka wutar lantarki: karafan ɗin Amurka bolt 120 yake sha, wutar gidajen Saudiyya 220 zuwa 230 ce. Jona shi kai tsaye ba tare da taransifoma ba, ka ƙone firji da na'urar cajin batir.

Hawa da gangara su ne jarrabawar gaske. Daga Makka zuwa Ɗa'if, mai ja ya bi ta hanyar Sail, ya bar hanyar Hada da kwanoninta. A gangara ka sa ƙaramin giya, inji ya riƙe motar. Wanda ya dogara da birki kaɗai zai ji ƙauri, daga nan birkin ya daina kamawa. Abha tana kan tsayin mita 2,200 ko sama, kuma janareta na rasa wajen kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300. Janaretan da ke ɗaukar esi cikin sauƙi a Jidda yana iya kasa tayar da shi a can, gara mai wat 3,000 zuwa sama. Da daddare in sanyin Suda, dutsen da ke kusa da Abha, ya sauko, kada a shigo da gawayin shayi ko na turare a rufe ƙofa; hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci.

In na hannu za ka saya a Haraj (kasuwar kayan hannu), danna bango da kusurwoyin silin da yatsa. Inda ya lotsa, ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon ciki. A gefen taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. In ta haura shekara 5 a canza ta, ko da zanenta bai goge ba.