Yadda ake tantance tsananin raunin harbin bindiga

Ramin da harsashi ya shiga yana yaudarar ido. Za ka ga rami kamar ƙwayar gyaɗa a gefen cibiya, mai shi yana hira da kai, alhali jini na ta taruwa a cikinsa. Don haka, ma'aikacin ƙaramin asibiti, kada ka fara da ramin.

Da farko dubi mutumin. Yana numfashi? Yana amsa sunansa? Tafin hannunsa ya yi sanyi da gumi? Ƙirga bugun zuciya a minti ɗaya, ka auna hawan jini. In bugun ya zarce lambar sama ta awon jinin, misali 120 alhali awon 90 ne, to jini ya zuba sosai. Babba yana da jini kusan lita 5, kuma matashi mai ƙarfi kan rasa kusan lita ɗaya da rabi kafin awonsa ya faɗi. Wannan ne ke sa a saki jiki da wanda bai kamata ba.

Na biyu, ina harsashin ya bi? A tuɓe shi, a juya shi, a duba baya da hamata da ɗuwawu, a ƙirga ramukan. Kai, wuya, ƙirji, ciki da matsematsi duk mai tsanani ne har sai likitan tiyata ya ce ba haka ba. A hannu ko ƙafa kuwa, taɓa bugun jijiya ƙasa da raunin. In babu, gaggawa ce.

Sai na uku, awon raunin kansa. Tsarin ƙungiyar Red Cross yana haɗa faɗin mashigar harsashi da na mafitarsa, a santimita, ya raba rauni mataki uku; na 3 ya fi tsanani. Ƙasa da 10, babu kogo a ciki, ƙashi bai farfashe ba: mataki na 1. Ƙasa da 10 amma da kogon da zai ɗauki yatsu biyu, ko ƙashi ya yi kaca-kaca: mataki na 2. In ya kai 10 tare da ɗayan waɗannan: mataki na 3. Auna kogon aikin ɗakin tiyata ne. Kada ka tono harsashi, kada ka ɗinke.

Danne jinin, rubuta lokaci da abin da ka gani, ka tura shi babban asibiti. A Najeriya dokar 2017 ta wajabta a karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.