Ka ƙara RAM, kwamfuta ta ƙi tashi: kurakuran da aka fi yi

Kwamfutoci da yawa da ake aiki da su a Maradi na hannu ne, kuma da an saye su sau da yawa abin da ake fara yi shi ne ƙara musu RAM, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinta. In ta ƙi tashi sai a koma shago da faɗa, alhali sau da yawa RAM ɗin lafiyarsa lau.

Tun wajen saye ake fara kuskure. Kowane babban allon cikin kwamfuta (motherboard, inda ake soka RAM) da iyakar abin da yake ɗauka, akwai tsofaffin laftof da ba sa wuce 8GB komai ka cusa musu. Ka binciki lambar samfurin taka kafin ka zaro kuɗi. RAM iri-iri ne: DDR3 da DDR4 da DDR5 tsagarsu ta wajen haƙora ba wuri ɗaya take ba, in bai shiga ba kada ka tilasta. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne DDR3 da DDR3L: tsagarsu ɗaya, ya shiga daram, amma na farko volt 1.5 yake ci, na biyu 1.35, kuma laftof da yawa na biyun kaɗai suke karɓa. Kada arha ta ja ka ga RAM mai rubutun RDIMM, na manyan kwamfutocin kamfanoni ne.

In ta tashi amma ka sa 16GB tana aiki da ƙasa da 4GB, duba Windows ɗin. Mai bit 32 ba ta wuce 4GB, sai an sauya ta da mai bit 64.

Sai zaman RAM a gurbinsa. Lokacin hunturu ƙura na cika gurbin, ga bushewar iska da ke tara lantarki a jikin mutum. Cire waya da batir, taɓa ƙarfe tukuna, riƙe RAM ɗin ta gefe, goge haƙoransa masu ruwan zinariya da abin goge fensir, sannan ka danna har maƙallan su kama. In gurbi huɗu ne kuma biyu za ka sa, galibi na biyu da na huɗu daga wajen firosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) ake so.

DDR5 yana son haƙuri: kunnawar farko fuska na iya zama baƙa na mintuna, babban allon yana daidaita RAM ɗin. Kada ka kashe.

In kwamfuta tana mutuwa tsakiyar aiki, kashe XMP (saitin da ke ƙara wa RAM gudu) a BIOS (manhajar babban allo da ke tada kwamfuta), sannan ka gwada RAM ɗin ɗaya bayan ɗaya da manhajar gwaji ta MemTest86, a gurbi guda. Haka za ka gane mai laifin, RAM ne ko gurbi. Sabunta BIOS ma yana warware wasu, amma da yadda ake ɗauke mana wuta lokacin zafi, kada ka fara sai batir ya cika ko akwai na'urar ajiye wuta, domin in ta katse a tsakiya allon na iya ƙin tashi gaba ɗaya.